Yadda Za Ka Kauce wa Damfarar Anti-bairos na Bogi a YouTube, TikTok da Shafukan Kallon Bidiyo

Kana tsakiyar kallon ƙwallo a ɗaya daga cikin shafukan nan na kyauta, ko ka buɗe wani fim da aka turo link ɗinsa a guruf, sai fuskar waya ta rikiɗe ta koma ja. Wayar ta hau karkarwa. Ga rubutu da manyan baƙaƙe cewa an gano bairos 13, sun fara cin batir, suna dab da lalata sim da hotunanka, ga agogo yana ƙirgawa baya, saura minti biyu. Har sunan wayar an rubuta, Tecno ce ko Infinix ko Samsung, an kuma manna tambarin Google a sama. A ƙasa maɓalli guda ne ƙato, wai ka danna a wanke maka ita yanzu-yanzu.

Daga farkon wannan saƙo har ƙarshensa ƙarya ne. Shafin intanet ba shi da hanyar leƙa cikin wayarka ya ƙirga bairos, haka ma bidiyo, haka ma talla. Burauza, Chrome ce ko Opera ko Safari, an gina ta ne yadda kowane shafi zai tsaya a iyakarsa. Abin da shafi ke iya sani bai taka kara ya karya ba: samfurin waya, irin burauzar, kamfanin da kake hawa intanet ta layinsa, da kintacen garin da kake. Da wannan ɗan bayanin ake ƙawata ƙaryar don ka yarda. Layin nan da ke cikowa kamar ana bincike zane ne mai motsi da aka shirya tun tuni. Wanda ya ɓare sabuwar waya daga kwali yau, in ya shiga shafin, shi ma bairos 13 ɗin za a ce yana da su.

Cutar tana cikin maganin da ake miƙo maka ne. Sai ka danna, ka sauke, ka ba da izini da hannunka sannan ɓarna take farawa, shi ya sa suke ta faman tayar maka da hankali.

Sana'ar ta daɗe. A ƙarshen 2008 hukumar kare masu sayayya ta Amurka, FTC, ta kai ƙarar wasu kamfanoni da suka sayar wa mutum sama da miliyan ɗaya manhajoji irin su WinFixer da XP Antivirus ta hanyar binciken ƙarya, kuma a 2012 kotu ta yanke hukuncin biyan sama da dala miliyan 163. A Satumbar 2009 irin wannan talla ta kutsa har shafin jaridar New York Times. Abin da ya sauya kawai shi ne wurin farauta. Yau idon jama'a yana kan bidiyo, su ma sai suka tare a can.

Mataki na farko: gano daga ina saƙon ya fito

Kafin ka karanta abin da gargaɗin ke cewa, nemi wanda ya yi maganar. A Android, danna maɓallin da ke nuna manhajojin da ke buɗe. Idan jan saƙon yana cikin Chrome ko wata burauza, ko cikin ɗan shafin da Facebook ko TikTok suke buɗewa idan ka taɓa link, to shafin intanet ne, magana ta ƙare. Duba adireshin da ke sama, za ka ga wani dogon suna marar kan gado da bai da alaƙa da Google ko kamfanin wayarka. Idan ta sama ya sauko cikin jerin sanarwa, ɗora yatsa a kansa ka riƙe, wayar za ta nuna maka manhajar da ta aiko shi.

Gargaɗin gaskiya ba ya ihu. Na Android daga Play Protect, kariyar da ke cikin Play Store, yake zuwa, ya ambaci sunan manhaja guda, ya ba ka zaɓin cire ta. Na kwamfuta daga Windows Security yake zuwa, ɗan ƙaramin akwati a kusurwar dama ta ƙasa, kuma in ka buɗe Windows Security da kanka za ka tarar da shi a tarihin abin da aka kama. Babu ɗayansu da ke sa agogo, ko neman kuɗi kafin ya cire cuta, ko ba ka lambar waya. Duk gargaɗin da ka ga lambar waya a jikinsa na 'yan damfara ne, ko da tambarin Microsoft ya cika shi.

Mai iPhone ma ya fi kowa sauƙi. Tsarin wayar ba ya barin wata manhaja ta binciki sauran, don haka duk shafin da ya ce ya gano bairos a iPhone ɗinka ya tona wa kansa asiri.

Mataki na biyu: fita ba tare da ka taɓa shafin ba

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Ba su yarda da saƙon ba, amma sai su danna "Cancel" ko ɗan alamar X da ke jikinsa don su rufe. Wanda ya zana maɓallin "OK" shi ya zana na "Cancel", kuma yana iya sa duka biyun su kai ka wuri ɗaya. Kar ka taɓa komai a cikin shafin.

A waya, danna ɗan murabba'in da ke nuna yawan shafukan da ke buɗe a burauza, ka share wannan shafin daga can. In maɓallin komawa baya ya ƙi aiki, kar ka yi ta dannawa. Da gangan suke cusa shafuka da yawa a bayansa. In burauzar ta daskare, fita ka shiga Settings, sai Apps, ka zaɓi burauzar, ka danna "Force stop".

A kwamfuta sukan sa shafin ya mamaye allo gaba ɗaya, su ɓoye linzami, su kunna ƙara ko muryar mace tana cewa kar ka kashe na'urar. Danna Esc ka riƙe shi na 'yan daƙiƙu, ko ka danna F11, allon zai koma yadda yake. Sannan Ctrl da W ya rufe shafin. In ya ƙi, haɗa Ctrl da Shift da Esc, ka zaɓi burauzar a jerin da ya fito, ka danna "End task". Idan ka sake buɗe ta za ta tambaye ka ko ta maido da shafukan da suka rufe. Ka ce a'a, in ba haka ba shi za ta fara maido maka.

Daga nan leƙa babban fayil ɗin Downloads. In ka ga wani abu ya sauka da kansa, musamman mai ƙarewa da apk ko exe ko zip, goge shi ba tare da ka buɗe ba. Fayil ɗin da ba a buɗe ba ba ya cutarwa.

Mataki na uku: toshe ƙofar sanarwa

Akwai wanda zai ce maka shi ko intanet bai shiga ba, amma kullum sai saƙo ya faɗo cewa anti-bairos ɗinsa na McAfee ya ƙare ko an gano bairos biyar, alhali bai taɓa sa McAfee ba. Asalin abin, wata rana wani shafin fim ko ƙwallo ya ce masa "danna Allow ka ci gaba da kallo" ko "danna Allow ka nuna kai ba mutum-mutumi ba ne", shi kuma ya danna. A wayoyin da aka saita da Faransanci "Autoriser" zai gani. Wannan dannawar izini ce ya ba shafin ya riƙa aiko masa sanarwa duk lokacin da ya ga dama. Babu bidiyon da ke buƙatar wannan izini kafin ya yi.

Gyaran ba wuya. A Chrome na waya, taɓa ɗigo ukun da ke sama, shiga Settings, sai "Site settings", sai "Notifications". Za ka ga jerin shafukan da aka ba izini. Cire duk wanda ba ka sani ba. Ni shawarata ma ka kashe abin gaba ɗaya, don da wuya a sami shafin da sanarwarsa ta kai darajar wannan ciwon kai. A kwamfuta hanyar ta bi ta "Privacy and security" kafin "Site settings". A iPhone sukan bi ta kalanda ne, ka ga ranakunka cike da gargaɗin bairos. Nemi kalandar da ba kai ka yi rajistarta ba a saitin Calendar ka goge ta.

Mataki na huɗu: bidiyon "anti-bairos kyauta"

Wannan ya fi jan saƙon haɗari nesa ba kusa ba, domin a nan ba tsorata ka aka yi ba, kai ka je nema. Ka rubuta a YouTube kana son anti-bairos irin su Avast ko Kaspersky ko Bitdefender na kuɗi amma a kyauta, ko lambar kunna Windows, ko kirak ɗin Photoshop, wato kwafin da aka fasa don a yi amfani da shi ba biya. Bidiyo ya fito, minti biyu ko uku, ba a ganin fuskar kowa, sai linzami yana yawo a allo da muryar na'ura ko ɗan kiɗa. A ƙasan bidiyon, ko a sharhin farko da aka maƙale a sama, ga link zuwa MediaFire ko Mega ko Telegram, ga kuma kalmar sirrin buɗe fayil, wata gajeriya irin 1234 ko 2025. Sai kuma umarni na ɗaya: ka kashe Windows Defender, anti-bairos ɗin da ke zuwa cikin Windows, tukuna, wai yana kuskuren ɗaukar kirak a matsayin bairos.

Tsaya a kan waɗannan biyun, don su ne zuciyar damfarar. Kalmar sirrin da aka rubuta a fili kowa yana gani ba don a ɓoye wa mutane komai aka sa ta ba. An sa ta ne don anti-bairos ɗinka da na shafin da aka ajiye fayil ɗin su kasa ganin abin da ke ciki. Umarnin kashe Defender kuwa, ce maka aka yi ka sallami mai gadi kafin baƙon ya shigo. Duk bidiyon da ya haɗa waɗannan biyu, rufe shi, ko da wa ya ɗora shi.

Abin da ke cikin irin wannan fayil galibi manhajar satar bayanai ce, irin su RedLine da Vidar da Lumma. Ba ta nuna alama. Ka danna, wataƙila wani baƙin akwati ya yi walƙiya ya ɓace, ko a ce maka an samu matsala, kai kuma ka ɗauka kirak ɗin ne bai yi ba. Cikin wannan ɗan lokacin ta kwashe duk kalmomin sirrin da ka adana a burauza, lambobin kati, asusun kirifto, da 'yan fayilolin da ke shaida wa Gmail da Facebook cewa ka riga ka shiga. Na ƙarshen nan su suka fi muni, domin wanda ya same su yana shiga asusunka ba tare da an tambaye shi kalmar sirri ko lambar tabbatarwa ba. Ta haka aka ƙwace tashar YouTube ta Linus Tech Tips a Maris 2023, tasha mai mabiya sama da miliyan 15, kuma ta masana kwamfuta. A Mayun 2025 Microsoft ta ce ta ƙirga kwamfutoci sama da 394,000 da Lumma ta kama cikin wata biyu kacal.

Kar yawan mabiya ya ruɗe ka. Tashoshin da aka sace ake amfani da su, saboda suna da mabiya na gaske, wasu har da alamar tantancewa. Shiga tashar ka gangara ƙasa. In ka ga shekara da shekaru ana ɗora girke-girke ko waƙoƙi da wani yare, sai aka yi shiru na tsawon lokaci, sai kwatsam bidiyon kirak goma suka fito rana ɗaya, to tashar ba ta hannun mai ita. Sharhin da ke ƙasa ma ba shaida ba ne. A Oktobar 2025 kamfanin Check Point ya bayyana wani gungu da ya ɗora bidiyo sama da 3,000 a YouTube, sun raba aiki: wasu asusun na ɗora bidiyo, wasu na yaɗa link, wasu aikinsu kawai su rubuta "na gode, ya yi min aiki". Wanda ya zo ya ce bairos ne, mai tashar ya goge maganarsa. Da can yawan masu nuna ƙin bidiyo yana tona asiri, amma tun Nuwambar 2021 YouTube ta ɓoye wannan adadi.

Akwai sabon salo da ya fi yawa a TikTok, wanda babu link ma a ciki. Murya ce za ta ce ka danna maɓallin Windows da R, ko ka buɗe PowerShell, ka rubuta wani gajeren umarni da ke kan allo, wai zai kunna maka Windows ko Office ko CapCut na kuɗi. Kamfanin Trend Micro ya yi bayanin irin waɗannan bidiyon a Mayun 2025. Umarnin yana janyo manhajar sata ne daga intanet ya kunna ta da izininka. Ƙa'ida a nan guda ce: kar ka rubuta ko ka manna umarnin da ba ka san ma'anarsa ba, ko daga bidiyo ya zo, ko daga shafin da ya ce ta haka za ka tabbatar kai mutum ne.

Wannan ya shafi masu shagon buga takardu da masu tura fina-finai da ɗaliban da suka sayi laftof na hannu fiye da kowa, don su ne kullum cikin neman manhaja ta kyauta. Kwamfutar shago guda da aka sa wa anti-bairos na kirak, duk kwastoman da ya shiga imel ɗinsa a kanta ya bar mabuɗinsa a can.

Mataki na biyar: tallar manhajar "wanke waya"

Tsakanin bidiyo da bidiyo, a YouTube ko Facebook ko cikin wasannin yara, za ka ga talla tana nuna waya cike da ƙwari ko batir yana ci da wuta, sai wata tsintsiya ta share. Kasancewar talla ta bi ta babban kamfani ba ya nufin an tantance ta ƙwarai. Kuɗi aka biya aka sa ta. Idan tallar ta kai ka wani shafi ta ce ka sauke fayil ɗin apk, tsaya nan. A 2024 kamfanin Trellix ya gano shafukan da aka kwaikwayi Avast da Bitdefender da Malwarebytes, kuma na Avast ɗin yana raba apk mai ɗauke da SpyNote, wadda ke karanta saƙonni tana ɗaukar hoton allo.

Idan Play Store ta kai ka, da sauƙi, amma ba a tsira ba tukuna. A 2014 wata manhaja mai suna Virus Shield ta hau saman jerin sababbin manhajojin da ake saya, ana sayar da ita a kan dala 3.99, alhali duk aikinta sauya hoton X ya koma alamar daidai. A 2019 cibiyar gwaji ta AV-Comparatives da ke Austriya ta gwada manhajojin anti-bairos 250 na Android, 80 kawai suka kama fiye da kashi 30 cikin ɗari na cutukan da aka gwada su da su. Wasu ma kansu suka nuna a matsayin abin zargi. A 2022 an kama wasu a Play Store da sunan anti-bairos suna shigo da SharkBot, mai satar bayanan banki.

Don haka duba sunan kamfanin da ya yi manhajar, ba sunan manhajar kaɗai ba. Karanta sharhin masu ba da tauraro ɗaya, ka fara da sababbi. Sannan ka sa ido a kan izinin da take nema bayan ka buɗe ta, domin a nan take nuna halinta. Huɗu ne masu haɗari: "Accessibility", wanda ke ba ta damar ganin duk abin da ke allonka har ta danna maɓalli a madadinka, izinin karanta SMS da sanarwa, inda lambar OTP ke shigowa, izinin fitowa a saman sauran manhajoji, wanda da shi ake shimfiɗa shafin bogi a kan manhajar bankinka, da "Device admin", wanda ke hana a cire ta. Manhajar da ka sani jiya a talla, ka ba ta waɗannan a wayar da OPay ko Moniepoint ko manhajar bankinka take, ka ba kura ajiyar nama.

Wata kuma ba ta satar komai a ɓoye, a fili take yanka. Za ta ce gwajin kwana uku kyauta, daga nan ta riƙa cire kuɗi duk mako. Goge manhaja ba ya tsayar da cirewar. Sai ka shiga Play Store, ka taɓa hotonka, ka shiga "Payments and subscriptions" ka soke da kanka.

Mataki na shida: yi amfani da abin da kake da shi

Yawancin mutane suna da kariya ba su sani ba. Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender a ciki, kyauta, kuma ya ishi mai amfani na yau da kullum muddin yana barin sa ya sabunta. A Android, buɗe Play Store, taɓa hotonka, zaɓi Play Protect, ka tabbata a kunne yake, ka danna "Scan". Sai ka nemi "Install unknown apps" a Settings ka ƙwace izinin daga Chrome da WhatsApp da Telegram da Xender; ranar da kake da buƙata ta gaske ka kunna na ɗan lokaci.

In kana son ƙarin anti-bairos, rubuta adireshin kamfanin da hannunka, kar ka bi link na ƙasan bidiyo, kar kuma ka danna sakamakon farko na Google mai alamar "Sponsored". Avast da AVG da Avira da Bitdefender duk suna da na kyauta na halal, wanda ya sa neman kirak ɗinsu ya zama wahalar banza. Guda ɗaya ya isa. Biyu a kwamfuta ɗaya rikici suke yi da juna. In kana shakkar wani fayil, ɗora shi a shafin VirusTotal, inda injinan bincike kusan 70 za su duba shi, amma ka sani ba sa ganin cikin fayil mai kalmar sirri, kuma kar ka ɗora takardunka na sirri a can.

Kwamfutar da har yanzu ke kan Windows 7, wadda aka daina yi wa gyaran tsaro tun Janairun 2020, kar a shiga banki ko imel da ita, kowane irin anti-bairos aka sa mata.

Mataki na bakwai: idan ka riga ka faɗa

Ya danganta da inda ka kai. In dannawa kawai ka yi ba ka sauke komai ba, ba ka rubuta komai ba, matakai na biyu da na uku sun wadatar.

In ka sa manhajar a waya, fara kashe data da Wi-Fi. Shiga Settings ka cire ta daga "Accessibility" da "Device admin apps", sannan ka goge ta daga jerin Apps. Bi jerin a hankali har ƙasa, don wasu kan ɓoye hotonsu ko su bar gurbin sunansu fari fat. In tana rufe maka Settings duk sanda ka buɗe, shiga yanayin "Safe mode": a yawancin wayoyi za ka riƙe maɓallin kashewa, sannan ka ɗora yatsa a kan "Power off" ka riƙe har zaɓin ya fito. A wannan yanayi manhajojin da ka saka ba sa aiki, sai ka cire ta cikin kwanciyar hankali. In duk ta ƙi, kwashe hotuna da lambobinka ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani. In za ka kai wa mai gyara, a Farm Centre ne a Kano ko a bakin kasuwar garinku, cire sim da memori, ka tsaya a yi a gabanka.

In a kwamfuta ka kunna fayil ɗin, ɗauka cewa an riga an kwashe komai, ko da ba ka ga alama ba. Cire ta daga intanet. Da wata na'ura mai tsabta, ba ita ba, sauya kalmomin sirri, ka fara da imel, domin ta nan ake sake saita duk sauran. Sauya kalmar kaɗai ba ta isa ba: shiga sashen tsaro na asusun Google ka fitar da duk na'urorin da ke ciki, haka a Facebook, haka "Linked devices" na WhatsApp da na Telegram. Duba saitin Gmail ko an sa a riƙa tura wasiƙunka wani adireshi. Kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Sannan ka koma kan kwamfutar, ka buɗe Windows Security, ka kunna duk abin da aka sa ka kashe, ka duba "Exclusions" ka goge duk wurin da aka keɓe wanda ba kai ka sa ba, ka yi "Microsoft Defender Offline scan". In da kwamfutar kake harkar kuɗi, ni ba zan tsaya nan ba, sabon Windows zan sa.

In ka kira lambar da ke kan allo har suka sa ka saka AnyDesk ko TeamViewer, manhajojin da ke ba su damar sarrafa na'urarka daga nesa, katse intanet nan take, goge manhajar, ka bi duk abin da ke sakin layin sama. Za su sake kira, wani lokaci da sunan za su maido maka kuɗinka. Zagaye na biyu ne na damfarar.

In ka rubuta lambar kati, ko PIN, ko OTP, ko BVN, banki za ka fara nema kafin komai. Toshe katin ta manhajar banki ko ta kiran lambar wayar bankin da ke bayan katin, ba lambar da ka samo a sharhin Facebook ba. Nemi a rubuta ƙorafinka a ba ka lambar shaida, ka ajiye hoton allo da alat na cirewar. In bankin ya yi ta jan ƙafa, CBN na da sashen kare masu hulɗa da bankuna, kuma ana kai rahoton irin wannan ga EFCC ko cibiyar yaƙi da laifukan intanet ta 'yan sandan Najeriya.

In kuma lambar wayarka kawai shafin ya karɓa "don tabbatarwa", sai ka ga katin waya yana zurarewa kullum, an yi maka rajistar wani abu ne da ba ka nema ba. A Najeriya danna *305# ka ga abin da ke kan layinka ka soke, tura STOP zuwa 2442 don tsayar da saƙonnin talla, ka kira 300 ka yi magana da kamfanin layin. In ba su saurare ka ba, layin ƙorafi na hukumar sadarwa ta NCC shi ne 622, kuma kyauta ne.

Kafin ka bar wurin, kai ƙarar bidiyon. A YouTube taɓa ɗigo ukun da ke jikinsa, zaɓi "Report", ka nuna damfara ce ko yaudara. A TikTok ka riƙe yatsa a kan bidiyon zaɓin zai fito. In talla ce, ɗan alamar da ke gefenta tana ba ka damar toshe ta da kai ƙararta. In kuma a guruf aka turo link ɗin, faɗa a guruf ɗin da sunan fayil ɗin ƙarara, sannan ka kira wanda ya turo a waya ka ji ko shi ne da kansa, don sau da yawa asusunsa ne aka riga aka ƙwace.